Ragowar jinin da ke firiza: idan na goge sunaye, sai na nemi izini?

Tambaya: Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ina kuma karatun digiri na biyu. Akwai ragowar jinin marasa lafiya da yawa a firizarmu, an gama gwajin da likita ya rubuta a kansu, ƙarshenta zubarwa za a yi. Ina so in yi bincikena da su, in haɗa da bayanan da ke cikin fayil ɗin masu su. Idan na goge sunaye, har yanzu sai na nemi izinin mutanen ko na kwamitin ɗa'ar bincike? Ni dai ban ga wanda zan cutar ba.

Amsa: Malam, tambaya biyu ka dunƙule wuri ɗaya, kuma amsarsu ta bambanta. Izinin kwamiti ba makawa, kuma tun kafin ka buɗe firizar da sunan bincike za ka same shi. Izinin masu jinin kuwa, mai yiwuwa a ɗauke maka, don ana ɗaukewa sau da yawa a irin aikin da ka bayyana. Sai dai ba kai ne za ka ɗauke wa kanka ba. Na daɗe ina zama a irin wannan kwamiti, kuma yawancin rigimar da ke zuwa gabanmu daga masu kyakkyawar niyya take fitowa, waɗanda suka dubi aikinsu suka ga babu cutarwa, suka yanke wa kansu hukunci. Mai bincike yana da abin da yake nema a ciki: digiri, ƙarin girma, a ga sunansa a mujalla. Wanda yake da rabo a cikin shari'a kuwa ba a ba shi kujerar alƙali, komai gaskiyarsa.

Ba zan ja ka da dogon tarihi ba. Ƙa'idar Nurembag ta 1947, wadda ta fito daga shari'ar likitocin Nazi na Jamus, ta fara ne da cewa yardar mutum ta son ransa wajibi ce. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964, kuma a gyaran 1975 ne aka shigar da sharaɗin cewa wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike kafin a fara. A Amurka, abin da ya tilasta kafa irin waɗannan kwamitoci da ƙarfin doka shi ne tonon asirin binciken Tuskegee a 1972, inda aka yi shekara 40 ana kallon yadda ciwon tunjere ke cin ɗaruruwan baƙaƙen fata maza ba tare da an yi musu magani ba, har bayan da penisilin, maganin cutar, ya samu. Wurin da ya shafe ka kai tsaye shi ne gyaran Helsinki na shekarar 2000, wanda ya ce bincike a kan ɗan Adam ya haɗa da bincike a kan abin da aka ciro daga jikinsa da kuma bayanansa, matuƙar ana iya gane na wane ne. Wato ba sai ka riƙe allura ka soki mutum ba. Kwalbar da ke firiza da fayil ɗin da ke kan kanta sun isa su sa ka cikin ƙa'idar.

To, komai ya rataya ke nan a kan wannan “ana iya gane na wane ne”, kuma a nan ne goge suna yake yaudarar mutane.

Ɗauko kwalba ɗaya ka duba. Ko ka kankare sunan, akwai lambar ɗakin gwaji a jikinta, akwai ranar da aka ɗebi jinin. A kan teburin da ke kusa da kai akwai rijista wadda ta ce lamba kaza ta wance ce, daga sashe kaza. Muddin wannan rijista tana nan kuma hannunka na iya kaiwa gare ta, ba ka goge komai ba, rufewa ka yi. Masu wannan fanni sun bambanta abu biyu. Akwai samfurin da aka sauya masa suna da wata lamba, aka ajiye mabuɗin da ke haɗa lambar da sunan a wani wuri. Akwai kuma wanda aka yanke igiyar gaba ɗaya, babu mabuɗi a hannun kowa. Na farkon har yanzu bayanin mutum ne. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 haka ta ɗauke shi ƙarara. Kai kuma ka ce kana so ka haɗa jinin da abin da ke cikin fayil. Ba yadda za ka haɗa su ba tare da ka san wannan jinin na mai wannan fayil ne ba. Saboda haka a daidai lokacin haɗawar, kai ko wani yana kallon suna.

Ko da an yanke igiyar, sauran bayanan suna iya nuna mutum da yatsa. A shekarun 1990 wata hukumar inshorar lafiya ta jihar Massachusetts ta saki bayanan asibiti na ma'aikatan gwamnati ga masu bincike, bayan ta cire sunaye da adireshi. Gwamnan lokacin, William Weld, ya tabbatar wa jama'a cewa sirrinsu a rufe yake. Latanya Sweeney, wadda a lokacin ɗaliba ce a jami'ar MIT, ta sayi jerin masu zaɓe na birnin Cambridge a kan dala 20, ta ɗora shi a kan bayanan asibitin. Mutum shida ne suke da ranar haihuwa irin ta gwamnan, uku daga ciki maza, ɗaya tak ke zaune a yankinsa. Ta ciro bayanan rashin lafiyarsa ta aika masa ofis. Daga baya ta lissafa cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai sun isa a ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ɗaya-ɗaya. Shi ya sa dokar sirrin lafiya ta Amurka ta jera abubuwa 18 da sai an cire su kafin a ce bayani ba ya nuna mai shi. A ciki akwai lambar fayil, lambar waya, hoton fuska, da kowace rana in ban da shekara, har ranar kwanciya da ranar sallama.

Gwada wannan a kan teburinka. Layi ɗaya ya ce: mace, shekara 43, malamar makaranta, ta haifi tagwaye a watan kaza, tana ɗauke da ƙanjamau. Babu suna. Amma duk wanda ya san garin ya san ta. Cutar da ba kasafai ake samun ta ba, da wuri mai ƙarancin jama'a, da sana'ar da mutum biyu ko uku ke yi, waɗannan su ne suke tona asiri.

Idan bincikenka zai taɓa DNA, wato ƙwayoyin gado, kuwa, maganar ta sake nauyi, don shi DNA da kansa suna ne. A 2013 Yaniv Erlich da abokan aikinsa suka nuna cewa daga bayanan gado na maza da aka saki ba suna, da taimakon rumbunan asalin dangi da ke buɗe a intanet, da shekaru da jihar da mutum yake, ana iya gano sunan zuriyarsa. Sun gano kusan mutum 50 ta haka. A 2018 ’yan sandan Kalifoniya suka kama wani tsohon mai kisa da aka yi shekaru ana nema, ta hanyar DNA ɗin danginsa na nesa da suka ɗora nasu a wani shafin neman asali. Shi bai taɓa ba da nasa ba. Wannan ya nuna wani abu da takardar yardar mutum ɗaya ba ta iya rufewa: jinin uba yana ba da labarin ’ya’yansa da ’yan uwansa, waɗanda ba wanda ya tambaye su. Kotun ƙolin Aislan ta amince da haka a 2003, lokacin da ta ba wata yarinya gaskiya a kan ƙin yarda a saka bayanan lafiyar mahaifinta da ya rasu cikin rumbun bayanai na ƙasa, bisa hujjar cewa daga nasa ana iya karanto nata. Idan abin da za ka auna bai wuce yawan wani sinadari a cikin jini ba, wannan fargabar kaɗan ce. Idan za ka karanta ƙwayoyin gado, kada ma ka rubuta wa kwamiti cewa ba za a iya gane kowa ba, za su dawo maka da takardar.

Yanzu bari in tsaya a kan “ban ga wanda zan cutar ba”, domin ita ce jimlar da na fi ji.

Havasupai wata ƙaramar ƙabila ce ta ’yan asalin Amurka, mutum ’yan ɗaruruwa, da ke zaune a ƙasan kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona. Ciwon suga ya addabe su. Daga 1990 masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona suka fara ɗibar jininsu, mutanen kuma suka bayar bisa fahimtar cewa ana neman dalilin ciwon suga ne. Ba a samu abin da aka je nema ba, jinin ya ci gaba da zama a firiza. Sai aka yi ta amfani da shi a wasu ayyukan: binciken taɓin hankali, binciken illar auren dangi, da binciken asalin ƙabilar, wanda ya nuna kakanninsu daga Asiya suka ƙetaro, abin da ya ci karo da abin da suka gada cewa daga wannan kwazazzabon suka fito, wanda kuma a kansa suke kafa hujjar mallakar ƙasarsu. A 2003 wata ’yar ƙabilar ta halarci gabatar da wani aikin digiri a jami'ar, a nan ta ji da kunnenta abin da ake yi da jinin danginta. A 2010 aka sasanta: dala dubu 700 ga mutum 41, aka kuma mayar musu da sauran jinin, suka je suka karɓo da kansu.

Abu biyu nake so ka gani a wannan labari. Na farko, ba a buga sunan kowa ba. Ba wanda aka ce wane yana da taɓin hankali. Amma sunan ƙabilar ya fito, kuma tabon ya hau kan kowa da kowa. Goge sunan mutum ɗaya-ɗaya ba ya kare al'umma. Idan ka buga cewa mutanen wuri kaza, ko masu sana'a kaza, cuta kaza ta yi musu katutu, ka shafa wa kowannensu, har da wanda jininsa bai taɓa shiga firizarka ba. Na biyu, akwai takardar yarda da wasunsu suka sa wa hannu, kuma lafazinta yana da faɗin da lauya zai iya cewa ya ɗauki har taɓin hankali. Amma abin da aka gaya musu da baki ciwon suga ne. Yarda tana bin abin da mutum ya fahimta a lokacin da ya miƙa hannunsa. Marar lafiyar da ke cikin firizarka ya miƙa hannu ne don a gano abin da ke damunsa. Abin da ya ba ka ke nan, kuma iyakar abin da ya ba ka ke nan.

Ni ga ma'aunin da nake amfani da shi a zaman kwamiti, ba a rubuce yake a wata doka ba: da mai jinin zai shigo ya tsaya a bayanka ya ga abin da kake yi da shi, zai ɗaga kafaɗa ya wuce, ko zai ce wa ya ba ka izini? Wanda aka ɗebi jininsa don gwajin suga, idan ya ga ana gwada ingancin sabuwar na'urar auna suga da ragowar, da wuya ya damu. Idan ya ga ana neman ƙanjamau ko ana karanta gadonsa, maganar daban ce.

Batun “zubarwa za a yi” shi ma an sha kai ruwa rana a kansa. A 1951 aka yanki ɗan nama daga ciwon dajin bakin mahaifa na Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, aka ba wani mai bincike, George Gey, ba tare da an gaya mata ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31. Ƙwayoyin jikinta, da aka sa wa suna HeLa, suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan gwaji a duniya, aka yi aiki da su har a gwajin rigakafin shan inna. Babu dokar da aka karya a wancan zamani. Iyalinta ba su sani ba sai a shekarun 1970, lokacin da masu bincike suka zo neman nasu jinin. A 2013 wasu masana a Jamus suka buga dukkan bayanan gadon HeLa a fili, wanda ke nufin sun buga wani yanki na gadon jikokinta, nan ma ba a tambayi kowa ba. Bayan ƙorafi aka janye, aka ƙulla yarjejeniya da hukumar binciken lafiya ta Amurka cewa sai da izinin wani kwamiti da ’yan gidan ke ciki za a duba bayanan. A 2023 wani kamfani da ya daɗe yana sayar da ƙwayoyin ya sasanta da iyalin a wajen kotu.

Kotuna ba su cika yarda cewa abin da aka ciro daga jikinka dukiyarka ce ba. John Moore, wanda aka cire wa saifa saboda wani nau'in ciwon dajin jini, ya gano cewa likitansa ya samar da ƙwayoyi masu daraja daga cikinta har an yi musu rajistar mallaka. A 1990 kotun ƙolin Kalifoniya ta ce Moore ba shi da haƙƙin mallaka a kansu, amma ta ce wajibi ne likita ya bayyana wa marar lafiya cewa yana da wata buƙata ta bincike ko ta kuɗi a jikinsa. Wato ko inda aka ce ba naka ba ne, ba a ce a ɓoye maka ba. A Ingila kuwa, abin da ya girgiza mutane shi ne asibitin yara na Alder Hey a Liverpool, inda aka gano an yi shekaru ana riƙe sassan jikin yaran da suka rasu ba da sanin iyayensu ba. Wasu iyayen sai da suka sake yin jana'iza karo na biyu. Daga nan dokar 2004 ta kula da sassan jikin ɗan Adam ta fito. Wannan doka ta yi maganar irin halin da kake ciki daidai: ragowar samfurin mai rai ana iya bincike da shi ba tare da yardarsa ba, da sharaɗi biyu a haɗe, kwamitin ɗa'a ya amince, kuma mai binciken ba ya iya gane na wane ne. Na mamaci kuwa sai da izini.

Ƙasashe sun bambanta, dole ka duba dokar inda kake. A Amurka, ragowar samfurin da ba a iya gane mai shi ba ma a ƙirga shi cikin bincike a kan ɗan Adam. An so a sauya wannan a 2015, a wajabta neman yarda, amma aka janye shawarar a ƙa'idar ƙarshe saboda kukan masu bincike. A nawa ganin sassaucin ya yi yawa a zamanin da DNA ke faɗin sunan mai shi. Ita ma jama'a ba ta tsaya inda doka ta tsaya ba. A jihar Texas iyaye suka kai ƙara a 2009 saboda an ajiye ɗigon jinin jariransu ana ba masu bincike ba su sani ba, sulhun ya ƙare da lalata samfur sama da miliyan 5. Da an tambaye su tun farko, da yawansu za su ce to.

To da wane sharaɗi kwamiti ke ɗauke neman yarda? Jagorar 2016 ta CIOMS, wato majalisar ƙungiyoyin kimiyyar lafiya na duniya, wadda aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kawo uku, kuma tare ake son su: binciken ba zai yiwu ba idan aka ce sai an nemi kowa, yana da amfani na gaske ga jama'a, kuma haɗarinsa ga masu samfurin ƙanƙani ne. Na farkon ne ɗalibai ke yi wa wasa. “Ba zai yiwu ba” daban, “zai ba ni wahala” daban. Samfur dubu uku na shekara takwas da suka wuce, masu su sun watse, wasu sun rasu, lambobin wayarsu sun mutu, wannan ba zai yiwu ba. Mutum tamanin da ke zuwa karɓar magani duk wata, suna wucewa ta bakin ƙofarka, wannan ka je ka tambaye su. Sharaɗi na biyu kuma yana da haƙora fiye da yadda ake zato: binciken da aka tsara shi sakaka, wanda yawan samfurinsa bai isa ya amsa tambayarsa ba, ba shi da amfanin da zai halatta a taɓa sirrin kowa.

Fayil kuma, lura da wannan. Damar da kake da ita ta buɗe fayil don aikinka na ma'aikaci ba ta zama damar buɗe shi don digirinka ba. Hula biyu ce, ko da kai ɗaya ne. A 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta samu asibitin Royal Free na Landan da saɓa doka saboda ya miƙa bayanan marasa lafiya kusan miliyan 1.6 ga kamfanin DeepMind don gwada wata manhaja, ba tare da mutanen sun san za a yi haka ba, duk da cewa manhajar don ceton masu ciwon ƙoda aka yi ta. Hanyar da ta fi tsabta ita ce wani wanda ba ya cikin bincikenka, daga sashen adana fayil ko ɗakin gwajin, shi ya haɗa jini da bayani, ya sa sabuwar lamba, ya miƙo maka, mabuɗin ya zauna a wurinsa. Kuma abin da tambayarka ke buƙata kaɗai za ka karɓa. In shekarun mutum sun wadatar, bar ranar haihuwa. In ba ka buƙatar sana'a, kada ta shigo teburin.

Na taɓa ganin yadda wannan ke lalacewa a hannun wani ɗalibi da nake duba aikinsa, yaro mai natsuwa. Ya rantse mini ya cire sunaye kafin ya aika wa mai yi masa lissafi ta imel. Na buɗe fayil ɗin Excel ɗin a gabansa, na ga daga ginshiƙin A an tsallaka zuwa D. Na danna na buɗe na tsakiyan, sai ga sunaye da lambobin waya reras, kusa da sakamakon gwajin ciwon hanta. Ɓoye su ya yi, bai goge ba, kuma bai san da bambanci ba. Fayil ɗin ya riga ya kwana a akwatin imel na mutum biyu da wayar ɗaya daga cikinsu. Sai da muka kai rahoto ga kwamiti, aka dakatar da aikin na wani lokaci. Tun daga ranar ba na yarda da “na cire”, sai na gani da idona. Yawancin fallasar da na sani ta irin wannan hanya take zuwa: filashi da ya faɗi, hoton rijista da aka tura ta WhatsApp, kwamfutar da kowa a gida ke taɓawa.

Akwai wata tambaya da ba ka yi ba, amma kwamiti zai yi maka ita, gara ka shirya. Idan ka gwada jinin nan ka tarar wani yana ɗauke da cuta mai magani, shi kuma bai sani ba, me za ka yi? Idan ka yanke igiya gaba ɗaya, ka kare sirrinsa, amma ka toshe hanyar gaya masa. Idan ka bar mabuɗi, kana iya kai masa labari, amma labari ne na gwajin da bai nema ba. Wannan ba tatsuniya ba ce. An yi shekaru a ƙasashe da dama ana gwada ragowar jinin masu juna biyu da jarirai don ƙididdige yaɗuwar ƙanjamau, ba suna, ba a gaya wa kowa. Lokacin da babu magani, an ga hakan ya halatta. Da aka nuna a 1994 cewa maganin AZT yana rage yaɗuwar cutar daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku, sai lissafin ya juye: yanzu ana riƙe da sanin da zai ceci yaro, an kuma ɗaure hannu da gangan. Amurka ta dakatar da nata shirin na jarirai a 1995. Babu amsa ɗaya da ta dace da kowane bincike. Abin da ake so shi ne ka yanke shawara tun kafin ka ga sakamako, ka rubuta ta. Idan za a sanar, likitan da ke duba mutumin ne zai sanar, bayan an sake tabbatarwa da sabon samfur, don gwajin bincike ba koyaushe yake kai matsayin gwajin asibiti ba, kuma kwalaben da suka daɗe a firiza suna iya cakuɗewa.

Sauran abubuwan a taƙaice. Idan samfurin zai bar asibitinku, ko zuwa wata jami'a ko wata ƙasa, sai da rubutacciyar yarjejeniyar miƙa samfur: me za a yi da shi, wa zai taɓa, me zai faru da ragowar, ba za a miƙa wa wani na uku ba. Idan akwai yiwuwar wani ya samu kuɗi daga ciki, a faɗa. Idan akwai jinin yara, iyaye ne ke ba da izini, kuma in za a daɗe ana ajiye da shi, ana so a nemi yaron da kansa in ya girma. Wanda ya taɓa cewa ba ya so a yi bincike da nasa, a cire nasa, ko da kwamiti ya ɗauke neman yarda ga sauran.

Da ni ne kai, da na yi wa asibitin wata shawara da za ta huta da masu zuwa bayana. A fara tambayar marasa lafiya tun a wurin ɗibar jini ko sun yarda a ajiye ragowar don binciken gaba, a bayyana musu irin binciken, da wanda zai riƙa sa ido, da yadda za su janye in sun sauya ra'ayi. Wannan yarda mai faɗi ita ce rumbun samfura na UK Biobank ya ginu a kanta, inda mutum kusan dubu 500 suka shiga tsakanin 2006 da 2010, kuma Sanarwar Taipei ta 2016, ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, ta zayyana sharuɗɗanta. Tana da inganci ne kawai idan akwai masu tsaron rumbun da ke duba kowace sabuwar buƙata. In babu su, ta koma irin takardar da Havasupai suka sa wa hannu.

Ga abin da za ka sa a takardar da za ka kai wa kwamiti: tambayar bincikenka, samfur nawa kuma na wane lokaci, don me aka ɗebe su da farko kuma me aka gaya wa masu su, gwajin da za ka yi da wanda ba za ka yi ba, bayanan da za ka ciro daga fayil ɗaya bayan ɗaya, wanda zai riƙe mabuɗi, inda bayanan za su zauna da ranar da za a goge su, abin da za ka yi da sakamakon da ya shafi lafiyar wani, sannan hujjarka ta neman a ɗauke maka neman yarda. Ka haɗa da takardar amincewar shugaban ɗakin gwajin da ta hukumar asibitin, don izinin kwamiti ba ya maye gurbin nasu. Irin wannan aiki mai ƙaramin haɗari galibi ba ya jiran babban zama, mutum ɗaya ko biyu ke dubawa. Idan kana tsoron a zubar da samfuran kafin amsa ta fito, tambayi shugaban ɗakin ko ƙa'idarsu ta yarda a jinkirta, amma kada ka narkar da ko kwalba ɗaya da sunan gwaji na share fage. Kwamiti ba ya ba da izini a kan aikin da aka riga aka yi, kuma mujallu na kirki suna tambayar lambar amincewar da ranarta. Ranar da ke kan wannan takarda dole ta riga ranar farko da ke cikin littafin aikinka.